Ƙusa Biyar

Litinin, 10 ga Mayu 2004, bayan La'asar

Sigina ta iso daga hedikwata yau da hantsi. Za a ba mu takardar yabo a Gusau ranar ashirin ga wata, mu uku: Sufeto Bature, Saje Kamilu, sai ni Kofur Nuhu, wanda ake mantawa da shi a bayan tafireta sai an rasa biro. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, ban da "kai, zo nan" ba abin da wani babba ya taɓa ce mini. Na karanta siginar sau uku. Kamilu ya ce in bar ta haka kada in lashe tawadar.

Saboda fashin watan Maris ne. Bari in rubuta shi yadda ya faru, don na ga alamar kowa zai ba da nasa.

An tare bas ɗin 'yan kasuwa tsakanin Anka da Gummi, aka harbe direba, aka kwashe kaya. Kafin mu isa jama'a sun tattake ko'ina. Sufeto yana tambayar fasinjoji, Kamilu yana tsintar kwanson harsashi, ni kuwa na gangara bakin gulbi inda ɓarayin suka tsallaka. A cikin laka na ga sawu ɗaya ya fito tsaf, ƙafar hagu, takalmin taya. An yi wa dunduniyar faci, an kama facin da ƙusa biyar, huɗu a gefe, ɗaya a tsakiya. Na shimfiɗa ledar burodin da ke aljihuna a kai, na bi shi da biro. Kamilu har da riƙe ciki, wai Kofur ya koma firamare.

Kwana huɗu ina yawo da ledar nan wurin masu gyaran takalmi. A tashar Bukkuyum, ƙarƙashin dalbejiya, na nuna wa wani tsoho. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Ƙusa biyat ni kaɗai ka sa ta ƙasag ga. Kowa huɗu shika sawa. Maigidana yak koya man haka."

Ya ce mai takalmin Halilu ne, yana jan ƙafar hagu, shi ya sa dunduniyar ke saurin cinyewa. Ya faɗi ƙauyensu. Sannan ya kama hannun rigata.

"Kofur, abu guda. Sunana kak ka rubuta shi ko'ina. Ni da tsohuwata muke gida, ba mu da kowa."

Na ce wallahi, Baba. Ko a littafin nan ba zan rubuta ba, Baba ya isa.

Mun kama uku da kayan mutane. Halilu ya haura katanga, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

Laraba, 12 ga Mayu, da Azahar

Hedikwata na son bayanin aikin a rubuce. Sufeto ya rubuta da hannu, ya miƙo mini in buga. Ga abin da ya ce: "Bisa bayanan sirri da haɗin kan jami'ai aka gano maɓoyar ɓarayin."

Shi ke nan fa. Babu laka, babu leda, babu kwana huɗu a bayan kabu-kabu har ƙuguna ya sage. Bayanan sirri! Kamar aljani ne ya raɗa masa a kunne yana cin goro. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Kullum haka ne, ƙarami ya shiga laka, babba ya fito da farin takalmi.

Na ƙara layi uku a ƙasa. Yana saurin zuwa kotu a Anka, ya sa hannu a tsaye, bai duba ba.

Ban rubuta sunan Baba ba. Takarda ce kawai, za ta shiga fayil, fayil ya shiga kabad, gara ta ci rabonta.

Asabar, 15 ga Mayu, da safe

Matata Muhsina ta sa wa kakina sitaci har yana iya tsayuwa ba ni a ciki. Ba matar da ba ta gaya wa ba a barikin nan.

Talata, 18 ga Mayu, da yamma

Na biya ta tasha Baba ya goge mini but ɗin fareti. Ya yi ta tofa masa yawu yana murzawa har na ga fuskata a ciki.

Ya ce, "Na jiya za a ba ku takarda. Allah shi ƙara girma." Ya miƙo mini but ɗin, bai sake shi nan da nan ba. "Ba ka dai manta ba ko?"

Na ce ban manta ba.

Ban manta ba ɗin ne kuwa. Ban rubuta sunansa ba.

Juma'a, 21 ga Mayu, bayan Asuba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

An yi fareti, 'yan badujala sun buga, an jera mu a rana kamar barkono a shanya. Rukuni shida aka yaba, mu ne na huɗu. Wani babba daga hedikwata ke karanta bayanin kowane rukuni a lasifika. Na sauran duk iri ɗaya ne, jajircewa da haɗin kai da bayanan sirri, har mutane sun fara hamma. Da ya zo namu ya karanta na Sufeto, sai ya gyara tabarau ya ci gaba:

"Kofur Nuhu ya zana sawun ɓarawo a kan leda, ya kai wa wani dattijo mai gyaran takalmi a tashar Bukkuyum. Dattijon ya gane facin hannunsa mai ƙusa biyar, ya faɗi mai takalmin."

Ya ɗaga takardar sama. Ya ce wannan shi ne aikin bincike, kowa ya koya. Ya sake karantawa a hankali saboda mutumin gidan rediyo da ke tsaye da rakoda. Aka yi tafi.

Zan faɗi gaskiya tunda ba mai gani. Na ji daɗi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun ranar da aka ɗaura mini aure. Sai da na dawo layi na ga Sufeto yana kallon gabansa, ko ƙiftawa ba ya yi, jijiyar wuyansa ta tashi.

A bas muka dawo. Mun kusa Anka direba ya kunna rediyo, aka sako labarin, layi ukun nan cif, ba a rage ko wasali ba. Wani mai buhun albasa a baya ya ce, "Kai! Wanga tsoho ai na sanai. Mai dalbejiya na!" Sai ya faɗi sunan. Wata tsohuwa ta ce lalle shi ne, ta maimaita. Kafin mu shiga gari bas ɗin nan kaf ta faɗi sunan da na rantse ba zan rubuta ba.

A Anka muka tsaya La'asar. Muna sa takalma a ƙofar masallaci Sufeto ya yi magana, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba.

"Ka zaci don in ci haƙƙinka nir rubuta bayanan sirri? Shekara ashirin da huɗu ina rubuta kalmomin ga biyu. Mutane ni ka ɓoyewa cikinsu, Nuhu. Mutane masu rai."

Na ce, "Yallaɓai, ban sa suna ba."

Ya ɗaure igiyar takalminsa ya tashi.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Muhsina ta buga ƙusa a bango ta rataye takardar. Ta ce, "Baban Sa'a, ta miƙe ko ta karkace?" Na ce ta miƙe.

Asabar, 22 ga Mayu, da hantsi

Na je tasha. Tun daga nesa na ji 'yan kabu-kabu. Duk wanda ya wuce ta gaban dalbejiyar sai ya ƙame a kan babur ya sara, "Sufeto Baba! Ranka shi daɗe!" Suna dariya, ba da mugunta ba. Su a ganinsu girma ne ya samu.

Baba yana huda fata da basilla, bai ɗago ba. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa lafiya lau kamar kullum. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce, "Baba, ban rubuta sunanka ba."

Ya ce, "Awo. Ba ka rubuta ba." Ya ja zare da haƙori. "Kofur, duba tashag ga da kyau. Masu gyaran takalmi nawa kag gani?"

Na duba kuwa, kamar wawa. Mai shayi, mai faci, masu lodi, mai rake.

Na ce ya tafi Gummi ko Anka ya yi wata biyu, ni zan nema masa wurin zama. Ya ce, "In tahi ina? Gonata na nan, kushewar iyayena na nan. Damana ta kusa. Wa za ya shuka man gero, kai?"

Na ce to aƙalla ya gaya wa Inna, matarsa. Ya ce in na kuskura na tayar wa tsohuwarsa da hankali, shi da ni har abada.

Litinin, 24 ga Mayu, da yamma

Sufeto ya kira mu bayan ofis, gindin tsamiya. Ya raba mana gadi, ba a takarda ba. Kamilu da safe, tun daga ƙofar gidan Baba har tasha. Ni da rana. Shi kansa da yamma, ya bi shi daga nesa har ya shiga gida. Duk cikin kayan gida.

Difi'o, shugaban ofishinmu, ya tambaye shi yadda aka yi maganar ta fita. Kamilu yana wurin. Wai Sufeto cewa ya yi, "Ni nis sa hannu, yallaɓai. Laihina na." Bai ambace ni ba ko sau ɗaya. Mutumin da na yi mako biyu ina zagi a cikin raina ke nan.

Yanzu duk takardar da na buga sai ya karanta ta sau biyu, da yatsa a kan layi.

Don kada zamana a tasha ya yi yawa ba dalili, na kai wa Baba tsohon takalmina na taya, wanda dunduniyarsa ta cinye. Na ce kada ya yi sauri. Ya ce ya gane.

Laraba, 26 ga Mayu, bayan Azahar

An daina sara masa. Dariyar ta ƙare, ban san ranar da ta ƙare ba.

Bencin da tsofaffi ke zama suna hira da shi ba kowa. Mutum uku sun zo yau sun karɓi takalmansu ba a gyara ba, kowa da uzurinsa. Ɗaya ya ce tafiya ta kama shi, na gan shi bayan awa biyu yana cin rake a bakin masallaci. Ba wanda yake son a ga sawunsa kusa da mai gane sawu.

Mai shayi ya ce shekaranjiya wani baƙo ya sha shayi, ya tambayi unguwar da tsohon yake kwana. Na ce yaya kamanninsa? Ya ce mutum dai. Na ce yana ɗingishi? Ya ce shi kofi yake kallo, ba ƙafa ba. Ya ci gaba da zuba madara.

Alhamis, 27 ga Mayu, da Magariba

An yi yayyafi. Bai isa shuka ba, ya dai kwantar da ƙura.

Juma'a, 28 ga Mayu, da hantsi

Na raka Kamilu gadin safe, ban san abin da ya sa ba. Yana ƙofar gida, ni na zagaya baya.

Sawun yana nan. Gindin dangar kara, daidai inda ake hango tsakar gida. Ƙafar hagu, huɗu a gefe, ɗaya a tsakiya. Ledar tana kotu cikin kayan shaida, amma ba na bukatarta, ko a mafarki zan zana shi. Sawun ya nutse sosai, ba na mai wucewa ba ne. Wanda ya yi shi ya daɗe a tsaye.

Na kira Kamilu. Wannan karon bai yi dariya ba.

Muka bi shi har bayan gari, ya shiga burtalin shanu, ya ɓace cikin kofato.

Da muka dawo Inna Hamsatu, matar Baba, ta aiko mana da fura, ta leƙo daga zaure tana gaishe mu. Ta ce, "Allah shi yi maku albarka, ɗiyana. Tun da anka hwaɗi Malam cikin rediyo 'yan sanda ka gaishe mu kullum. Shekara arba'in shina ɗunkin takalmi, sai bana anka san da shi."

Na sha furar.

Asabar, 29 ga Mayu

Mun zaga ƙauyuka huɗu mu uku a kan babura biyu. Ba wanda ya ga kowa. Ban taɓa ganin ƙasar da mutane suka makance rana ɗaya haka ba.

Lahadi, 30 ga Mayu, da La'asar

Ban sa suna ba. In da na sa suna, to. Amma ban sa ba.

Litinin, 31 ga Mayu, da Azahar

Wata siginar. An ƙara mana girma saboda aikin. Na zama Saje, igiya uku. Kamilu ya zama Sufeto, an mayar da shi Anka. Sufeto Bature an ɗauke shi zuwa Gusau. Su biyun su kama aiki ranar bakwai ga Yuni.

An yabe mu don mun iya aiki tare, ladan shi ne kowa ya kama gabansa. 'Yan ofis suna ta ba ni hannu. Kurtu ɗaya ya ce in saya masu goro.

Sufeto ya ce zai nemi a ɗaga masa zuwa ƙarshen wata. Ya ce in an ƙi, gadin duka ya dawo kaina, safe da rana da yamma. Ya tambaye ni zan iya? Na ce zan iya, yallaɓai. Ya dube ni ya ɗan jima.

Muhsina ta yi guɗa. Na daka mata tsawa, ta yi kuka, na ba ta haƙuri. Ba ta san komai ba, ita ma.

Laraba, 2 ga Yuni, da yamma

Baba ya gama takalmina. Na ce ai na ce kada ya yi sauri. Ya ce ba wani aikin a gabansa, hannunsa ya gaji da zama.

Na juya shi. Faci a kowace dunduniya, huɗu a gefe, ɗaya a tsakiya. Na ce, "Baba, har yanzu biyar?"

Ya ce, "Hannuna bai iya huɗu ba." Ya sa na saka, na taka gaba da baya yana kallon ƙafata, ya ce ina cin gefen waje, in rage sauri.

Yau ya yi hira fiye da kullum. Ya ce ya gyara sungumi, ya fitar da irin gero daga rumbu, Inna ta sheƙe shi. Yana magana yana kallon gabas. Na ce duk ranar da za shi gona ya jira ni, in raka shi.

Ya ce, "In ruwan shuka sun sauka ba ni jiran kowa, Kofur. Kai ma ɗan manomi na, ka sani."

Har yanzu Kofur yake ce mini. Ban gyara masa ba.

Juma'a, 4 ga Yuni, da La'asar

An ƙi ɗaga wa Sufeto. Hadari ya haɗu ya watse.

Asabar, 5 ga Yuni, da La'asar

Kamilu yana ɗaure kaya. Daga gobe safiya tawa ce. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ko iska babu.

Lahadi, 6 ga Yuni, bayan Magariba

Ruwa ya sauka kafin Asuba, mai yawa.

Na isa gidan ƙarfe bakwai saura. Baba ba ya fita tasha sai takwas, kullum haka yake. Garin shiru, ba kowa a titi sai kaji, duk an tafi shuka. Inna ta ce, "Malam? Ai daga masallaci sungumi yaɗ ɗauka."

Na yi gudu. Gonar tana yamma da gari, kusa da gulbi.

Ya shuka layi shida da rabi. Ana ganin sawunsa ba takalmi, rami, iri, ya rufe da dunduniya, rami, iri, ya rufe. A tsakiyar na bakwai sungumin yana kwance. Ƙwaryar iri ta kife, geron ya zube wuri ɗaya.

Na yi ta kira. Na zaga gonar, na shiga ta maƙwabta, na dawo, na gangara bakin gulbi, na hau, na sake zagawa. Masu shuka a nesa suka ce su kansu yana ƙasa, ba su ga komai ba. Na tura mai kabu-kabu ya kira su Sufeto.

Da suka zo Kamilu ya ce kowa ya tsaya inda yake. Ya duƙa kusa da sungumin. Ya ce, "Ga shi nan. Ƙusa biyat." Ya bi shi a duƙe, taku ɗaya, biyu, ya zaga ƙwaryar, ya yi kwana, yana tafe yana nunawa da tsinke, har tsinken ya zo ya taɓa ƙafata.

Ya ɗago ya dube ni.

Gonar nan kaf ƙusa biyar ce. Gabas, yamma, bakin gulbi, ko'ina. Wani nawa ne, wani ba nawa ba, na bi ta kan wancan na murje shi da gudu. Ni da aka ba takarda a Gusau saboda sanin sawu.

Sufeto ya ce, "Tuɓe takalmin ga."

Na tuɓe. Sun yi awa uku suna rarrabewa. Abin da suka iya samu shi ne wuri ɗaya a gangaren gulbi, sawun tsoho ba takalmi, da wani a gefensa mai jan ƙafar hagu. Gulbin ya cika ya kawo har bakin ciyawa.

Ba takalmi na dawo gida.

Litinin, 7 ga Yuni, da yamma

Su biyun ba wanda ya tafi inda aka tura shi. Sufeto ya ce a rubuta masa duk abin da za a rubuta. Mun bi gulbi ta wannan gaɓar da masunta biyu har rana ta faɗi.

Rahoton farko shi ya rubuta da hannunsa. Bai ba ni in buga ba.

Talata, 8 ga Yuni

Ɗaya gaɓar. Babu.

Laraba, 9 ga Yuni, bayan Asuba

Abin da ban rubuta ba ranar Lahadi. Na ji saukar ruwan. Na tashi, na yi salla, har na sa hannu a ƙofa. Muhsina ta ce saura kaɗan ta gama ɗinka mini igiya ta uku a hannun riga, in tsaya in gwada. Na tsaya. Na gwada. Na duba madubi, na juya ta wannan gefen, na juya ta wancan.

Minti ashirin ne, ko talatin. Ba laifinta ba ne.

Alhamis, 10 ga Yuni, da Azahar

An aiko mota daga Gusau ta ɗauki Sufeto. Kamilu ya tafi Anka, ya ce duk ranar da ba ya aiki zai zo. Da Sufeto zai shiga mota na sara masa. Ya ce, "Ka riƙa zuwa wurin tsohuwag ga. Ba gaisuwa ba, ka duba ko akwai hatsi." Motar ta tashi.

Wani ya riga ya ɗauke bencin da ke ƙarƙashin dalbejiya.

Juma'a, 11 ga Yuni, da La'asar

Na kai wa Inna gero da itace. Ta rame. Mata sun cika gidan, ba a san ko zaman makoki ake ba ko zaman jira, ba wanda ya yarda ya fara cewa Allah ya ji ƙansa.

Ta sa aka kira ni zaure. Ta ce mutane suna ta magana, wai maganar rediyon nan ce ta jawo. Ta ce, "Ɗana, kai kana cikinsu. Malam ba shi da surutu, ko ni bai hwaɗa ma ba. Wa yak kai maganatai rediyo?"

Na ce ana bincike, Inna.

Ta ce, "To. Allah shi taimake ku. Kai dai na yarda da kai."

Asabar, 12 ga Yuni, da safe

Na je gonar. Geron ya tsiro, layi shida da rabi, a miƙe kamar an ja da zare. Inda ƙwaryar ta kife ya fito cunkus wuri ɗaya, kore shar. Sauran gonar ciyawa ta fara cinyewa.

Na ɗauko sungumin daga ofis na ƙarasa masa layin na bakwai. Daga nan na ci gaba har Azahar. Layukana duk sun karkace, shekara goma sha ɗaya rabona da shuka.

Lahadi, 13 ga Yuni

Na sauke takardar daga bango. Muhsina ta tambaya, na gaya mata duka, tun daga layi ukun. Ta ɗauki mayafi ta tafi gidan Inna da tuwo. Ƙusar tana nan a bangon.

Litinin, 14 ga Yuni, da hantsi

An cika mako da kwana ɗaya. Difi'o ya ce a buɗe fayil ɗin ɓatan mutum a aika hedikwata, ni zan buga, ni zan sa hannu, tunda yanzu ni ne Saje.

Na buga komai. Ledar, alkawarin, layi ukun da wanda ya ƙara su, minti ashirin ɗin, takalmina a gona. Ban sa bayanan sirri ko sau ɗaya ba, ba sauran wanda zan ɓoye a ciki. In na gama nan gidan Inna za ni, in ba ta amsar tambayarta kafin ta ji a bakin wani.

Layin farko na bari har ƙarshe. Na mayar da takardar cikin tafireta, na daɗe zaune. Kurtun da ke tsaron kantar ofis ya leƙo ya ce ko ribon tawada ne ya ƙare. Na ce a'a.

Yau na rubuta sunansa.

Labbo. Mai gyaran takalmi, tashar Bukkuyum. Shekara kamar sittin da biyar. An gan shi na ƙarshe da sungumi a kafaɗa, ba takalmi a ƙafarsa.